Silifas Ɗin Baba a Jirgin Ruwa

Wata ranar Laraba Baba ya dawo daga aiki da farin kati a aljihun gaban rigarsa. Bai nuna wa Inna ba, bai kuma ta da maganarsa ba, sai da ya ci tuwo ya wanke hannu. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Uwata, karanta mini wannan." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba.

A lokacin muna zaune a Agege, a ɗaki biyu cikin wani gidan haya da ke bayan layin dogo. Nan aka haife ni, nan na yi makaranta, Yarabanci kuwa a bakina yake kamar Hausa. Shekarata ashirin da uku, ina aikin buga takardu a wani shago a Ikeja. Baba kuma yana aiki a wani kamfanin biskit a Ogba. Da ɗaukar kwali a ka ya fara, har ya zama shugaban masu lodi, Yarabawan wurin suna ce masa Seriki. Shekara ta biyu ke nan da sojoji suka koma bariki.

Na karanta katin a zuci, sannan na fassara masa. Kamfani yana gayyatar ma'aikatan da suka daɗe, kowa da mutum ɗaya daga iyalinsa, zuwa cin abincin yamma a cikin jirgin ruwa ranar Asabar ta sama. Motar kamfani za ta ɗebi mutane a ƙofar masana'anta da ƙarfe uku. Jirgi zai zaga da mu a kan ruwan Ikko, a ci, a sha, a karrama waɗanda suka cika shekara ashirin zuwa sama.

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Akwai ƙaramin rubutu a ƙasa. An ce a yi shiga ta mutunci. Ban da silifas."

Mu uku duka muka dubi ƙafarsa ta dama. Mako biyu kafin nan wani katako da ake jera kwalaye a kai ya zame ya faɗo masa a babban yatsa. Farcen ya yi baƙi, yatsan ya kumbura ya yi suntum. Kullum da yamma Inna tana gasa masa da ruwan zafi da gishiri, ta naɗe da tsumma mai tsabta. Akwai ɗakin shan magani a kamfanin, da malamar asibiti a ciki, amma Baba ya ƙi zuwa. Ya ce duk wanda ya shiga sai an rubuta sunansa a littafi, littafin kuma sama ake kai shi. A wurin aiki sai ya saki wandonsa ya rufe ƙafar, ya tsaya a bayan teburinsa yana ba da umarni daga nan.

Dalilinsa kuwa, tun farkon shekarar aka canza manyan kamfanin. Cikin wata huɗu an sallami tsofaffi uku, duk sa'o'insa. Kowannensu an kira shi ofis, an ba shi kujera, an kawo masa shayi, sannan aka miƙa masa ambulan.

Baba ya juya katin a hannunsa ya ce, "Ragon da za a yanka shi ake ƙara wa dusa."

Ban musa masa ba, domin ni ma abin da ya zo mini ke nan. A shagonmu na buga wasiƙun sallama sun fi a ƙirga, kuma na san fasalinsu. Duk da godiya suke farawa. Sakin layi na farko yabo ne zalla, na biyu shi ne yake farawa da "sai dai".

Inna ta ce ita ba inda za ta je. "Ni da ruwa sai a bokiti, Malam. Ka tafi da uwarka, ita ce mai jin Turanci." Na san ba ruwan ne kaɗai ba. Shekarun nan an yi ta zaman ɗar-ɗar a Ikko, rigima takan tashi a wata kasuwa a wayi gari maƙwabta suna ɗaure kaya zuwa Arewa. Tun daga nan Inna ba ta son ta yi nisa da Agege.

Sai maganar takalmi ta dawo kaina. Baba yana da fade na fata da yake zuwa Juma'a da shi, amma madaurinsa daidai kan ciwon yake bi. Ni kuma na sa wa raina sai ya sa sau-ciki baƙi, irin na manyan ma'aikata. Tunanina shi ne, in ma sallamarsa za su yi, kada su sallame shi yana kama da wanda ya gaji. Na auna ƙafarsa da tsinken tsintsiya, na ƙara ɗan tsawo saboda kumburin, na shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo. Na samo wani mai kyau, na kai wa mai shushaina ya goge shi har yana ɗaukar ido. Baba ya sa ƙafar hagu ta shige lafiya. Ta dama kuwa sai da ya dafa bango. Ya yi taku uku a tsakar ɗaki, ya ce, "Ya yi. Allah ya yi miki albarka." Na ga zufa a goshinsa, na kawar da kai, domin ina son ya yi ɗin.

Ranar Asabar ya sa babbar rigarsa ruwan toka da hula zanna. Ni na sa leshi da mayafi, da takalmi mai tsini da na aro a wurin ƙawata 'yar masu gidanmu. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi mutane suna ta yi mana sannu, mai shayi ya ce Baba ya zama ɗan majalisa. Baba yana amsawa yana murmushi, yana taka ƙafar dama da gefe. Muka shiga danfo, ƙaramar bas ta haya, zuwa Ogba, daga nan muka hau doguwar motar kamfani.

Ba mu wuce Ikeja ba muka faɗa cunkoso. Motar cike take da tsofaffin ma'aikata da matansu, ƙamshin turare da na sitaci ya cika ko'ina, ana ta raha da Yarabanci da Turancin broka. Na dubi Baba. Ya cije leɓe, hannunsa yana kan gwiwa. Can ya sunkuya ya zare takalmin dama a hankali. Tsumman ya jiƙe da jini. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da baƙar leda. Silifas ɗinsa ne na alwala, shuɗi, dugadugan sun cinye, hancin ɗaya an riƙe shi da ƙusa ta ƙasa. Ashe Inna ce ta cusa masa muna shirin fita.

Na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, katin fa ya ce ban da silifas."

Ya ce, "Kati ba shi da ƙafa, Uwata."

Ya zare na hagun ma, ya sa sau-cikin a ledar ya tura ƙarƙashin kujera. Ya zura silifas, ya jingina, ya sauke numfashi. Ni kuwa tun daga nan har muka hau doguwar gada zuwa tsibiri ban ƙara jin daɗin zama ba. Ban tausaya wa yatsan ba yadda ya kamata. Abin da nake ta hangowa shi ne idanun mutane.

Wajen ƙarfe biyar muka isa bakin ruwa. Jirgin fari ne, hawa biyu, an zagaye shi da ƙananan fitilu. Wata siririyar gadar katako ce ta haɗa shi da tudu, a bakinta kuma wani ma'aikacin jirgi cikin fararen kaya yana karɓar kati. Muka bi layi. Ina gani yana duban katin kowa, sannan ya dubi ƙasa. Da aka zo kanmu ya karɓi katin, ya dubi ƙafar Baba, ya ce da broka, "Baba, ba a shiga da wannan."

Na juya zuwa Yarabanci, na ce masa mahaifina ne, shekararsa ashirin da biyar a kamfanin, cikin waɗanda za a karrama ma shi ne babba. Ya ce shi umarni aka ba shi, in ya bar mu oga zai tambaye shi. Mutanen da ke bayanmu suka fara leƙowa. Na ji muryata tana hawa.

Baba ya taɓa hannuna. "Ƙyale shi, aikinsa yake yi. Mu koma gefe."

Muka koma gefe muka tsaya kusa da wani turken ƙarfe da ake ɗaure igiyar jirgi. Mutane suna wucewa, wasu suna cewa, "Seriki, lafiya?" Shi kuma yana cewa lafiya lau, iska yake sha. Sau-cikin yana cikin mota, motar kuma ta tafi neman wurin tsayawa. Na lura Baba bai damu ba. Kamar ma ya ji sauƙi, domin wanda bai shiga jirgi ba ba za a miƙa masa ambulan ba, aƙalla a wannan rana.

Muna nan tsaye sai wata mata mai jiki, da atamfa da ɗaurin kai babba, ta fito daga layi ta nufo mu. Baba na ganinta ya ja ƙafarsa baya, ya saki rigar ta rufe ta. Malamar asibitin kamfanin ce, wadda ya yi mako uku yana kauce wa ƙofarta. Mutuniyar Filato ce, Kirista, tana jin Hausa irin tasu ta can.

"Baba, me ya sa kun tsaya a nan?"

Kafin ya amsa ta riga ta gani. Ta tattare zaninta ta tsuguna a gabansa, da kwalliyarta da komai, ta ɗaga gefen rigar. Ta daɗe tana duban tsumman.

"Wannan ƙafa kwana nawa?"

"'Yan kwanaki ne."

"Baba, kada ka yi mini haka. Ya fi sati biyu."

Ta miƙe ta je wurin mai karɓar kati. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ita ce malamar asibitin kamfani, wannan dattijo majinyacinta ne, kuma ita ta hana shi sa rufaffen takalmi. In ogansa yana da tambaya, a turo shi wurinta. Mutumin ya matsa gefe. Har ya riƙe wa Baba hannu a kan gadar katakon, yana cewa ya taka a hankali.

Haka muka shiga. Na ji kamar an sauke mini kaya daga ka, amma Baba fuskarsa ta ƙara nauyi. Malamar ta sa aka kawo mata akwatin magani na jirgin, ta zaunar da shi a wani lungu bayan matakala, ta wanke ciwon da wani ruwa mai zafi a fata, ta naɗe shi da farin bandeji. Baba bai ko motsa ba. Da ta gama ya ce, "Malama, ina roƙon arziki. Kada ki rubuta."

Ta ce, "Yau ban zo da biro ba, biki na zo ci. Amma Litinin da safe ina jiranka. Farcen nan sai an cire, in ba haka ba yatsan za ka rasa."

Jirgi ya yi ƙugi ya ja da baya. Ban taɓa hawa ruwa ba, Baba ma haka. Na ɗauka zai yi ta tangaɗi, ashe tafiya yake yi sumul, sai ɗan kaɗawa da kake ji a cikinka. A hawa na ƙasa aka shirya tebura da fararen ƙyallaye, an shimfiɗa jan kafet, masu kiɗa suna gefe suna gwada kayansu. Aka zaunar da mu tebur ɗaya da wani makanike da matarsa, da wasu mata biyu daga sashen naɗe biskit. Na tura kujerar Baba ciki sosai don ƙyallen tebur ya rufe masa ƙafa. Aka kawo lemo da cincin. Bai taɓa ko ɗaya ba.

Rana ta yi ja ta faɗa bayan gine-gine. Baba ya dubi agogonsa ya ce magariba ta yi. Ya tashi, na bi shi don in nuna masa hanya. Banɗakin jirgin ɗan ƙarami ne, mutum ɗaya yake ɗauka, ƙasansa kuma duk ruwa. Baba ya shiga ya yi alwalarsa, ya shafi kan bandejin, ya fito. A bakin ƙofa muka tarar da wani mutum tsaye cikin farin leshi mai tsada, da baƙin takalmi mai igiya da safa. Yana duban jiƙaƙƙen daɓen, yana duban takalminsa. Baba ya rusuna ya gaishe shi. Daga yadda ya gaishe shi na gane ko wane ne: Alhajin da ke kula da ma'aikata, Bayarabe, wanda sa hannunsa ke ƙasan kowace wasiƙar sallama.

Alhajin ya dubi ƙafar Baba.

Ya ce, "Seriki, kai ne mai wayo a cikinmu. Ara mini."

Baba ya zare silifas ya tura masa. Alhajin ya zauna a kan matakala ya kwance igiya, ya cire safa ya cusa a cikin takalmin, ya zura silifas ɗin Baba mai ƙusa, ya shige. Kafin ya fito mutum biyar sun yi layi, kowa da takalminsa a hannu. Wanda ya fito sai ya zare ya bar wa na bayansa. A duk jirgin nan, da manajoji da matansu da masu kiɗa, silifas ɗaya ne tak.

Suka hau sama inda babu rufi, aka shimfiɗa ƙyallen tebur biyu. Sai gardamar alƙibla ta tashi, domin jirgin yana ta karkata. Wani ya nuna nan, wani ya nuna can. Aka kira wani ma'aikacin jirgi, ya ce su dakata, nan da ɗan lokaci jirgi zai miƙe sosai, in ya miƙe su fuskanci wajen fitilun gada. Da ya miƙe, Alhajin ya tura Baba gaba ya ce shi ne babba. Baba ya yi ta nonnoƙewa, amma suka ƙi. Ni da wasu mata biyu muka tsaya daga baya. Iska tana kaɗa rigarsa, muryarsa tana fita a hankali, gajerun surori ya karanta kamar yadda ya saba a gida.

Da aka sallame muka sauko, silifas ba ya nan. Wasu ne suka makara, suna can suna bin layi da shi. Baba ya ce a bar su, ai za su kawo. Ya tako jan kafet ɗin nan ba takalmi ya koma kujerarsa. Na sake jan ƙyallen tebur na rufe.

Aka fara kawo abinci: shinkafa dafa-duka, soyayyar ayaba, kaza, da kifi manya-manya. Kowane faranti an jera masa cokula da wuƙaƙe har ban san da wanne zan fara ba. Baba ya ɗauki cokali ɗaya, ya kai loma biyu, ya ajiye. Idonsa yana kan wani ƙaramin tebur kusa da masu kiɗa, inda aka jera kwalaye masu naɗin takarda mai walƙiya. A kan kowane kwali akwai farar ambulan.

Ba a gama cin abinci ba aka tsayar da kiɗa. Babban manaja ya yi jawabi da Turanci, bai yi tsawo ba. Sannan Alhajin ya karɓi makirfo, ya ce za a fara da wanda ya fi kowa daɗewa. Ya kira sunan Baba.

Na leƙa ƙarƙashin tebur, na waiga wajen banɗaki. Babu alamar silifas. Na ce, "Baba, bari in je in nemo."

Ya ce, "Ana kira ana jira?"

Ya miƙe, ya gyara hannun rigarsa a kafaɗa, ya kama hanya. Tsakaninmu da gaban ɗakin tebur shida ne, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗage ta haka, rigar ta tsaya masa a idon sawu, saboda haka babu abin da ta ɓoye: ƙafa biyu masu faso, da farin bandeji a yatsa yana haske a kan jan kafet. Bai yi sauri ba, bai kuma ɗingisa sosai ba. Tafiyar da yake yi in ya shiga masallaci ita ya yi. Ni dai na sunkuyar da kai, ina jiran in ji dariya.

Tafi na ji. Masu lodi da ke teburin baya suka miƙe tsaye suna kiran Seriki. Da ya isa, Alhajin ya ce a makirfo, da Turanci sannan da Yarabanci, kada kowa ya yi mamakin ganin dattijon nan haka. Takalminsa ya ba da aro, kuma shi mai maganar shi ya fara ara. Ya ce wanda yake riƙe da shi yanzu ya ji tsoron Allah ya dawo da shi. Nan aka yi dariya, amma ba irin wadda na ji tsoro ba. Babban manaja ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, mai hoto ya haska su, aka miƙa masa kwali da ambulan.

Ya dawo ya zauna. Kwalin ya ajiye a ƙasa bai ko dube shi ba. Sai a gida muka ga agogon bango ne. Ambulan ɗin ya miƙo mini ta ƙarƙashin tebur.

"Yanzu?" na ce.

"Yanzu."

Na farke ta a kan cinyata. Takarda ɗaya ce, da tambarin kamfani a sama, da sa hannun Alhajin a ƙasa. Sakin layi na farko godiya ce: shekara ashirin da biyar, riƙon amana, ba a taɓa samunsa da laifi ba. Na san wannan, na buga irinsa. Na sauke ido kan na biyu, ina neman kalmar da na sani. Ba ta nan. Cewa aka yi kamfani ya ba shi hutun mako biyu na musamman, daga ranar kaza ga watan gobe, kuma ana fatan ci gaba da aiki tare da shi shekaru masu yawa. Na juya bayan takardar. Fari fat. Na leƙa cikin ambulan ko akwai wata. Babu.

Na raɗa masa abin da ta ƙunsa.

"Sake karantawa."

Na sake, kalma bayan kalma.

"Hutun nan, na dawowa ne?"

"An rubuta ranar dawowa, Baba. Litinin ce. Ga ta nan." Na nuna masa lambar, domin yana gane lamba.

Ya sa yatsa a kan lambar ya daɗe. Sannan ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar. Ya ce alhamdu lillahi a hankali, sau ɗaya. Ya jawo farantinsa da ya riga ya huce, ya nannaɗe hannun riga, ya ture cokulan gefe, ya sa hannu. Ya cinye shinkafar tas, ya bi kifin har ƙaya. Da mai rabon abinci ya zo wucewa, Baba ya ce in tambaye shi ko akwai sauran kifi. Aka ƙaro masa. Matar makaniken da ke gefensa ta dube shi, ta ajiye nata cokali mai yatsu, ita ma ta sa hannu. Ni kuma sai a lokacin na ji yadda takalmin aro ya ci mini dugadugai. Na zare shi a ƙarƙashin tebur na miƙe yatsuna a kan kafet.

Muna cikin haka direban motar kamfani, wanda ya shigo jirgi dab da tashinsa, ya zo a sunkuye da silifas a hannu, yana ta ba da haƙuri. Shi ne na ƙarshe a layi, ya ce da ya ji an ambaci takalmin a makirfo kunya ta hana shi shigowa. Baba ya ce masa ba komai, ya zauna ya ci abinci tukuna.

Ranar Litinin Baba ya je wurin malamar, ta cire farcen, ta kuma rubuta sunansa a littafin. Babu abin da ya biyo baya. Ya ƙara shekara huɗu a kamfanin, sannan ya ajiye aiki don kansa.

Amma a daren jirgin ba mu san wannan ba tukuna, abin da ke cikin hula kawai muka sani. Da aka koma kiɗa, mutane suka tashi rawa, Baba ya ce mu hau sama mu sha iska. Jirgin ya riga ya juyo. Muka tsaya a jikin ƙarfen gefe. Ruwan baƙi ne, fitilun gari suna rawa a kansa, motoci suna bin gada a jere kamar tururuwa. Wani ɗan kwalekwale ya gifta kusa da mu, da mutum biyu da fitilar kwalba, suna jan taru.

Baba ya ce, "Kin san a motar shanu na zo garin nan? Kwana uku muna hanya. Tun daga ranar nake jin ana cewa Ikko garin ruwa ne. Ni ban da na kwata da na sama ban ga wani ruwa ba sai yau."

Na ce, "Ga shi kuwa ka hau shi."

Ya ci gaba da kallon masuntan har suka yi nisa. Sannan ya ce, "Uwata, ta ina Agege take daga nan?"

Na duba dama, na duba hagu. Ko'ina fitilu ne iri ɗaya. Ni da aka haifa a garin, na ce masa ban sani ba. Wani ma'aikacin jirgi yana naɗe igiya kusa da mu, na tambaye shi. Ya miƙe ya nuna can bayan gada, inda wani jirgin sama yake saukowa da jar fitila tana ƙiftawa. Ya ce in mun ga inda wancan zai sauka, to gaba da shi kaɗan.

Baba ya bi jirgin saman da ido har ya ɓace a bayan gidaje.

"Ashe ba nisa," in ji shi.